Gwanintar Sassauta Hannu

Cika ɗaki da ƙara ba ya buƙatar gwaninta. Duk wanda ya samu jita mai lantarki da lasifika mai ƙarfi zai iya sa gilashin taga rawa tun ranar farko. Abin da ke cin shekaru kafin a iya shi ne mutum bakwai su hau dandamali ɗaya, kowa da abin kiɗansa, a gaban jama'a kusan dubu biyu da suka shigo da hayaniyar titi a bakinsu, sannan mai siririyar murya ya fara ba da labari cikin waƙa, na can baya kusa da ƙofa ya ji kowace kalma. Wannan ita ce sana'ar Belle and Sebastian, ƙungiyar mawaƙan birnin Gilasgo a Sikotlan. Tun da tikitin wasansu ya shigo hannuna nake sake sauraren faya-fayansu da wani kunne dabam, ina lissafin yadda za su fitar da kowace waƙa a bainar jama'a ba tare da ta rasa laushinta ba.

Sanyin muryar nan yana da tarihi. Stuart Murdoch, wanda ya rubuta mafi yawan waƙoƙin kuma shi ke bayarwa, yana ɗalibi a jami'ar Gilasgo a ƙarshen shekarun 1980 wani ciwo mai tsotse ƙarfin jiki, wanda likitoci ke kira ME, ya kwantar da shi. Ya yi kusan shekara bakwai ba ya iya wani aikin kirki. A wannan zaman ya fara tsara waƙa, sai waƙoƙin suka fito da halin wanda ya daɗe yana kallon mutane daga gefe: yarinyar da ba ta da ƙawa a makaranta, 'yan tsere a filin wasa, ma'aikaciyar gidan abinci da aiki ya gajiyar, fasinjojin bas da ba su san ana kallonsu ba. Labarai ne masu mutane da sunaye, kuma yakan cusa kalmomi da yawa a layi guda. Akwai kiɗan da ko ba ka ji abin da mawaƙin ke faɗi ba, jikinka zai karɓa. Nasu in kalmomin suka nutse, rabin abin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi.

A 1996 Murdoch da Stuart David suka tara makaɗa. A wancan lokaci Kwalejin Stow ta Gilasgo tana da kwas na koyon kasuwancin waƙa, ɗaliban kuma suna da ɗan ƙaramin kamfanin faifai mai suna Electric Honey. Ta nan kundinsu na farko, Tigermilk, ya fito, an ɗauke shi cikin 'yan kwanaki ƙalilan, aka buga faifan garmaho kwafi 1,000 kacal. Kafin shekarar ta ƙare sun fitar da na biyu, If You're Feeling Sinister. Ba daga sama suka faɗo ba. Tun 1979 kamfanin Postcard ya buɗe wa birnin hanya da irin su Orange Juice da Aztec Camera, daga baya The Pastels da Teenage Fanclub suka biyo, duk masu kiɗan da ake kira indi, na ƙananan kamfanoni, wanda ba ya jin kunyar taushi. A lokacin kundin nan biyu Murdoch yana zaune ne a saman zauren wani coci a unguwar Hyndland, shi ke kula da wurin, a nan kuma ƙungiyar ke atisaye. Ina ganin wannan zaure shi ne malaminsu na farko. Ɗaki mai dogon rufi da bango tsirara, in ka buga da ƙarfi hargitsi zai mayar maka, dole hannunka ya koyi ladabi.

Duk da haka, wasanninsu na farko ba su yi suna wajen tsari ba. Ba su cika fitowa ba, in sun fito ma sun fi son wuraren da ba a saba ba, irin su cocin Union Chapel a Landan da zauren majalisar birnin Manchesta a 1997. Sun shahara da dogon shiru tsakanin waƙa da waƙa, wannan na miƙa wa wancan jita, wancan na neman inda zai tsaya, muryar kuma wani lokaci ba ta isa tsakiyar ɗaki. Akwai masoyansu da har yau suke kewar wancan zamani, suna cewa a nan gaskiyar ƙungiyar take. Ban yarda da su ba. Waƙar da aka sha wuya aka rubuta ta cancanci a ji ta, kuma abin da na fi girmamawa a tarihinsu shi ne yadda suka zauna suka koyi aikin dandamali daga tushe, alhali sun riga sun yi suna, har sun ci lambar yabo ta Brit ta sababbin mawaƙa a 1999, ba wanda zai tilasta musu.

Ga inda gizo ke saƙa. Hirar mutum biyu a ɗaki tana kaiwa wajen desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti. Jerin gangunan nan da makaɗi ɗaya ke zama a bayansu, in an buge su da gaske, suna wuce 100 ko ba a sa musu lasifika ba. Kunnen ɗan Adam kuwa yana jin ƙarin desibel 10 kamar an ninka ƙara biyu, ka ga tazarar ba kaɗan ba ce. Mai sanyin murya yana tsaye taku kaɗan a gaban wannan tsawa. Makirufonsa ba ya zaɓe, duk abin da ya iso shi zai ɗauka. In injiniyan sauti ya ƙara wa muryar ƙarfi, ya ƙara wa gangunan da ke kutsowa ta makirufon ke nan. In ya ci gaba da ƙarawa, makirufo zai fara jin sautin kansa daga lasifikar da aka ajiye a gaban mawaƙi, ya sake mayarwa, nan take ka ji tsinin kukan nan da ke sa kowa toshe kunne. Akwai iyakar da na'ura ba ta wucewa komai tsadarta. Daga wannan iyaka sai dai mutanen da ke kan dandamali su rage da kansu.

Mawaƙin ma yana da nasa aikin. Duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, ana asarar kimanin desibel 6, saboda haka mai sanyin murya ba shi da damar yin nesa, leɓensa kusan a jikin ƙarfen yake. Amma irin makirufon da ake waƙa da shi, in aka matso shi sosai yakan kaurara murya, ya cika ta da gurnani, sai injiniya ya rage ƙasan sautin don kalmomi su fito sarai. Sannan ga numfashi. Mutane da yawa suna zaton rera waƙa a hankali hutu ne. A gaskiya riƙe murya daidai a kan sautinta alhali iska kaɗan kake saki ya fi wuya, domin da iskar ta ɗan yi rawa muryar za ta zame, kuma babu ƙarar da za ta rufa maka asiri. Murdoch yana yin wannan ne yana taka rawa, yana zagaya dandamali, wani lokaci ya sauka cikin jama'a. Wanda ya san mutumin ya yi shekaru tashi daga gado ma aiki ne a gare shi, dole abin ya taɓa shi.

Matsala ta gaba ta fi ɓuya. Abin da ke sa kunne ya rarrabe kalma daga kalma, wato ƙarar baƙaƙe irin su sa da ta da ka, yana zaune ne a saman sauti, daga wajen girgiza 2,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa har sama. A daidai wannan wurin kuma faya-fayan ƙarfen da ke saman ganguna suke, nan kaifin jitar lantarki yake, nan goge da ƙaho suke haskawa. Ƙungiya mai jita biyu ko uku, da fiyano, da ogan, da goge, da sarewa, da ƙaho, kowa na neman wuri ɗaya da muryar. Injiniya zai iya ɗan sassaƙe wa kowanne gefe a na'urarsa, amma in tsarin waƙar bai bar gurbi ba, babu abin da zai iya.

A nan ne na fi jin daɗin Belle and Sebastian, domin gurbin a cikin ginin waƙar yake. Ɗauki The Stars of Track and Field, wadda ta buɗe kundinsu na biyu. Tana farawa ƙasa ƙwarai, murya da jita kawai, har wanda bai san ta ba yakan kai hannu ya ƙara rediyo. Sai sauran su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowane baiti ya fi na baya nauyi kaɗan, ƙahon kuma ba ya fitowa da ƙarfinsa sai inda murya ta ja baya ta ba shi fili. Kafin a kai ƙarshe ɗakin ya cika taf, amma kunnenka ya riga ya kama muryar tun tana ita kaɗai, ba zai sake ta ba. Dabara ce mai zurfi. Kunne in ya san abin da yake bi, yana iya tsamo shi daga cikin hayaniyar da in da da ita aka fara, ba zai ji komai ba. The State I Am In, wadda ta buɗe Tigermilk, ita ma haka aka gina ta. Duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗan kalangu ya ga yadda suke sassauta hannu da zarar ubangidansu ya ɗauko baiti, su sake ɗagawa in ya dire 'yan amshi sun karɓa, ya san irin tarbiyyar da nake nufi.

Kowa a cikinsu yana da hanyar da yake ragewa. Richard Colburn, mai ganguna, shi ne ginshiƙi, kuma a ganina shi ne wanda aka fi mantawa a yaba. Bugunsa mara nauyi ne amma ba ya rawa. Buga ganga a hankali kuma cikin sauri, ba tare da gudun ya ja baya ba, yana daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da makaɗa, domin jiki ya saba haɗa sauri da ƙarfi, in ka rage ɗaya sai ɗayan ya bi shi. Shi ya raba su. Stevie Jackson yana da jita irin ta shekarun 1960, mai gajerun jimloli da yake jefawa a ƙarshen layi, inda mawaƙi ke jan numfashi. Chris Geddes, masoyin tsohon kiɗan soul na baƙaƙen Amurka, yakan shimfiɗa ogan ko fiyanon lantarki a ƙarƙashin komai, ba ka lura da shi sai ya ɗauke hannu ka ji ɗakin ya rame. Sarah Martin tana tashi daga goge zuwa sarewa zuwa madannai, ga muryarta da ke hawa saman ta Murdoch ba tare da ta danne ta ba, wasu waƙoƙin ma ita ke bayarwa. Bobby Kildea, wanda ya shigo a 2001, da Dave McGowan suna musayar jita da bes. Mutane sun zo sun tafi: Stuart David ya bar su a 2000, Isobel Campbell mai babban goge a 2002, Mick Cooke mai ƙaho a 2013. Ɗabi'ar barin gurbi ba ta tafi da kowa ba.

Abu mafi wuya a duk wannan shi ne tsayawa. A wasu waƙoƙin makaɗi zai yi baiti biyu cur hannunsa na kan kayansa bai taɓa ba, yana ƙirga a zuci, don ya shigo da 'yan sautuka huɗu ko biyar ya koma ya yi shiru. Wanda ya yi shekaru yana koyon abin kiɗa, hannunsa ƙaiƙayi yake yi, ga jama'a na kallonsa. Kamun kan da ake bukata a nan ba a koyar da shi a littafi.

Yaushe suka iya? Ba rana ɗaya ba ce, amma ana iya ganin alamun. Daga wajen 2001 suka fara yawon wasa sosai, yawan hawa dandamali kuwa shi ke gyara makaɗi. A 2003 suka yi kundin Dear Catastrophe Waitress da Trevor Horn, mutumin da ya yi suna wajen goge sauti har ya yi ƙyalli. Wasu sun yi ƙorafin cewa an yi musu kwalliyar da ba tasu ba, ni kuwa ina jin daga nan kiɗansu ya samu ƙashin baya. A 2005 suka rera If You're Feeling Sinister daga farko har ƙarshe a zauren Barbican na Landan, aka fitar da ɗaukar. Murdoch ya sha nuna cewa waƙoƙin wannan kundi suna cikin mafi kyawun da ya rubuta amma ɗaukar farko ba ta gamsar da shi ba. Ka saurari biyun a jere, za ka ji waƙoƙin ba su canza ba, amma yanzu kowane abin kiɗa ya san wurin zamansa. Shekara guda bayan haka, a 2006, suka tsaya a Hollywood Bowl da ke Los Angeles, fili mai ɗaukar mutum sama da 17,000, tare da babbar ƙungiyar makaɗan Philharmonic ta birnin, wurin ya cika. Shekara goma ke nan daga faifai kwafi 1,000.

Musayar kayan kiɗan nan da ta kasance rauninsu a da, ba su daina ba, tsara ta suka yi. Jerin waƙoƙin dare ba son rai kawai ake bi wajen rubuta shi ba. Ana duba wa zai riƙe me a wace waƙa, wace jita ce aka ɗaure ta a wane sauti, wa zai tashi daga madannai ya ɗauki goge. Masu kula da kaya suna gefen dandamali da jita a hannu tun waƙa ba ta ƙare ba. Ɗan lokacin da ya rage kuma Murdoch da Jackson sukan cike shi da hira da jama'a, labarin yawon da suka yi a garin da rana ko zolayar juna, har ka manta cewa a bayansu ana sauya kaya ne.

Akwai kuma lissafin inda za a ajiye waƙa mai sanyi. Kunnen da ya sha ƙara yakan dushe na ɗan lokaci, bakin jama'a kuma in rawa ta ɗauke su ba ya rufuwa nan da nan. In ka jefa waƙa irin Piazza, New York Catcher, wadda a faifai murya ce da jita kawai, a wurin da bai dace ba, surutu zai cinye ta. In ka sauko da mutane mataki-mataki, ko ka bari sai sun gaji da tsalle suna neman numfashi, za su yi maka shirun da ba ka roƙa ba. Yanzu da suke da waƙoƙin rawa masu nauyi irin The Party Line ta kundinsu na 2015, tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfinsu da mafi sanyinsu ta ƙaru, lissafin ya ƙara wuya, kuma daren ya ƙara daɗi.

Shi kansa ɗakin abin kiɗa ne, kuma yana canza hali. Da rana ake gwajin sauti, ɗaki fanko, bango na mayar da amsa. Da dare jikin mutane da tufafinsu suna shanye saman sautin, abin da aka daidaita da la'asar ya zama wani abu bayan isha'i, injiniya ya yi ta gyara a waƙoƙin farko. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka a babban wuri amsar bangon baya tana dawo wa makaɗi a makare, in ya bi ta ya ɓata. Shi ya sa makaɗa ke son wasu zauruka fiye da wasu. A Gilasgo zauren da ake ji da shi shi ne Barrowland, gidan rawa da aka buɗe a 1934, gobara ta cinye shi a 1958, aka sake buɗe shi a 1960. Yana ɗaukar mutum wajen 1,900, rufinsa mai lanƙwasa ne da taurari a jiki, daɓensa na katako an yi shi ne don ya riƙa lotsawa ƙarƙashin ƙafar masu rawa. Jama'ar wurin sun yi suna wajen karɓar waƙa da murya ɗaya, wanda shi ma wani gwaji ne ga mai sanyin murya: dole ya san lokacin da zai bar musu amshi da lokacin da zai karɓe abinsa.

Wurin da na fi ɗokin gani da idona shi ne kusa da ƙarshen dare, lokacin da suke ɗauko The Boy with the Arab Strap, waƙar da kundinsu na 1998 ya ci sunanta. Sun daɗe da al'adar gayyato mutane daga cikin 'yan kallo su hau dandamali su yi rawa a wannan waƙa. Daga ƙasa abin kamar biki ne kawai. Amma ka dubi abin da yake nufi ga masu aikin. Baƙi da ba su san inda waya ta bi ba suna tsalle a tsakanin kaya. Kowane buɗaɗɗen makirufo yana ɗaukar tafinsu da ihunsu. Sun tare tsakanin makaɗa, mai bes ba ya ganin mai ganga, babu sauran ba da alama da ido ko da kai. Tafin jama'a kuma kullum gaba yake ja, yana son ƙara gudu. Waƙar kuwa doguwa ce, baiti na bin baiti a kan salo ɗaya na fiyano da ke ta juyawa, ba ta da wani babban amshi da za a fake a bayansa in an zame. Abin da ke riƙe ta shi ne hannun Geddes a kan madannai da bugun Colburn, su biyun su ƙi bin tafin, su tsaya a kan gudun da suka fara da shi, sannan injiniya ya rufe duk makirufon da ba a bukata a wannan minti, ya bar na Murdoch a buɗe don baitin ƙarshe ya fita sarai kamar na farko. In Allah ya kai mu daren, kusa da teburin injiniyan zan nemi wurin tsayawa, domin daga nan yake jin ɗakin yana yanke hukunci, kuma ina so in ga yatsunsa lokacin da masu rawar suka fara hawa.